Wutar Hunturu: Hanyoyin Rage Makamashin da Muke Ƙonawa Domin Ɗumi a Gida da Wurin Aiki

Duk wanda ya taɓa fita da asuba a watan Disamba ko Janairu a Kano ko Katsina ko Damagaram ya san yadda gari yake wayewa. Hazo ya lulluɓe sararin sama, busasshiyar iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas, kuma kusan kowane lungu akwai 'yar wuta da mutane suka kewaye suna jin ɗumi. A cikin gidaje an ɗora manyan tukwanen ruwan wanka, mai shayi ya hura wutarsa tun kafin kiran salla, maigadi kuwa ya kwana da kasko a gabansa. A cikin waɗannan 'yan watanni ne iyali suke ƙona itace da gawayi fiye da kowane lokaci a shekara, kuma a daidai lokacin ne masu sayarwa suke ƙara musu kuɗi.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan zafi, mu ga inda yake fitowa da inda yake zurarewa, domin kuwa mafi yawan abin da muke ƙonawa ba ya isa ga jikinmu ko ga tukunyarmu. Masana harkar makamashi sun ƙiyasta cewa kimanin rabin dukan makamashin da duniya take amfani da shi yana tafiya ne wajen samar da zafi, wato ɗumama gidaje da dafa ruwa da abinci da ayyukan masana'antu. Saboda haka batun ya wuce na uwar gida da murhunta, ko da yake daga nan ne za a fi gane shi.

Abin da ya faru a Turai

A ƙasashen sanyi, ɗumama ɗaki shi ne babban abin da yake cin kuɗin magidanci. A Tarayyar Turai kusan kashi biyu cikin uku na makamashin da gidaje suke amfani da shi a nan yake ƙarewa. Lokacin da Rasha ta auka wa Yukiren a watan Fabrairun 2022, iskar gas ta yi tsada ƙwarai, sai ƙasashen Tarayyar suka amince a watan Yuli cewa za su rage amfani da ita da kashi 15 cikin 100. Jamus ta kafa doka daga watan Satumba cewa kada a ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19 na ma'aunin Salshiyos. Hukumar Makamashi ta Duniya ta tunatar da jama'a cewa rage digiri ɗaya tak a na'urar ɗumama ɗaki yana rage kimanin kashi 7 cikin 100 na abin da ake ƙonawa. Zuwa watan Maris na 2023 raguwar da aka samu ta kai kusan kashi 18, ko da yake sauƙin sanyin wannan shekarar ya taimaka.

Mu a nan ba mu da bututun gas da yake shiga ɗakuna, kuma sanyinmu bai kama ƙafar nasu ba. A Kano zafin dare a tsakiyar hunturu yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da 10, da rana kuma ya haura 28. Amma ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: zafi kullum yana gudu ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi, kuma gwargwadon tazarar da take tsakaninsu gwargwadon saurin gudunsa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin.

Jikin mutum ma murhu ne

A matsayina na malamin ilimin halittu, daga nan nake son mu fara. Ƙwayoyin halittar jikinmu suna ƙona abincin da muka ci tare da iskar oksijin dare da rana, kuma mafi yawan ƙarfin da yake fitowa daga wannan ƙuna zafi yake zama. Baligi da yake zaune ba ya aikin komai yana fitar da zafi kimanin wat 80 zuwa 100. Wannan yana nufin aji mai ɗalibai 50 yana samar da zafin da ya kai na manyan hitoci biyu na lantarki. Shi ya sa ajin da aka shiga ana makyarkyata da ƙarfe takwas yakan yi ɗumi kafin ƙarfe tara idan an tura tagogin da suke fuskantar iska.

Akwai wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos wanda yake lura da zafin jini, yana riƙe shi a kusan digiri 37. Da zarar sanyi ya taɓa fata, sai ya umarci ƙananan jijiyoyin jini na fata su tsuke domin jini mai ɗumi ya koma ciki. Wannan ne dalilin da yatsu suke ƙandarewa da asuba. Idan hakan bai wadatar ba sai makyarkyata ta biyo baya, wato tsokoki su riƙa motsi da sauri domin su ƙara samar da zafi. Tashin tsikar jiki kuwa ragowar wata dabara ce da ta fi amfani ga dabbobi masu gashi. Mai karatu ya lura da kaza ko kurciya da sanyin safiya, zai ga ta kumbura gashinta ta zama kamar ƙwallo. Ba wani zafi ta ƙara ba, iska ce ta tsare a tsakanin gashin, ita kuwa iskar da ba ta motsi tana daga cikin abubuwan da zafi ya fi wahalar ratsawa.

Bargo da rigar sanyi aikin da suke yi ke nan. Ba sa samar da zafi ko kaɗan, tsare wanda jiki ya samar suke yi. Don haka riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya a kan ɗaya, sukan fi riga guda mai kauri amfani, domin tsakanin kowace biyu akwai iskar da aka tsare. Haka kuma kwanciya a kan siminti da tabarma ɗaya tana janye zafin jiki fiye da yadda iskar ɗakin take yi. Kwali ko buhu ko tsohon bargo da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tabarma yana kawo bambanci mai yawa. Ina fata masu kula da almajiran da suke kwana a zaure za su riƙe wannan, domin shimfiɗa ta fi wutar kara araha, ta kuma fi ta daɗewa.

Ana yawan cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita. Wannan ba daidai ba ne ga baligi, domin kai kimanin kashi 10 cikin 100 ne na faɗin fatar jiki, abin da yake fita ta nan bai wuce hakan da yawa ba. Amfanin hula shi ne tana rufe wurin da aka saba bari a buɗe. Ga jariri kuwa lamarin dabam ne. Kansa babba ne idan an gwada da jikinsa, faɗin fatarsa yana da yawa a kan nauyinsa, kuma bai iya makyarkyata sosai ba, sai dai ya dogara ga wani irin kitse mai launin ƙasa-ƙasa da yake ƙonawa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara a jinkirta wankan jariri har bayan awa 24 da haihuwa, a sa masa hula, a kuma manna shi a ƙirjin uwarsa fata da fata. Babu kaskon da ya kai ƙirjin uwa daidaita ɗumi. Tsofaffi da marasa lafiya su ma suna buƙatar kulawa ta musamman, kuma tsimin makamashi bai kamata ya faɗa a kansu ba. Hukumar ta ce digiri 18 ne mafi ƙarancin ɗumin ɗaki da ya dace da lafiya a lokacin sanyi.

Ɗakin soro da ɗakin kwano

Magina na dā ba su karanta kimiyyar zafi ba, amma ɗakin da suka bar mana ya san aikinsa. Katangar tubali mai kauri da rufin azara da ƙasa suna shan zafin rana sannu a hankali tun daga hantsi, kuma zafin yakan ɗauki awoyi da yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, sai ya iso da dare, daidai lokacin da ake bukatarsa. Da rana kuma ɗakin yana da sanyi. Rufin kwano kishiyar haka ne. Da rana yana gasa na ciki, da dare kuma, musamman idan sama ta yi garau, yana watsa zafinsa zuwa sararin samaniya cikin ɗan lokaci, har yakan fi iskar waje sanyi. Wanda yake kwana a ƙarƙashin kwano marar silin yana ɗumama sama ne da gawayinsa.

Ba cewa nake yi kowa ya rushe gidansa ya koma soro ba. Silin, ko da na tabarma ne ko zana da aka ɗaure sosai nesa da wuta da wayar lantarki, yana tsare iska tsakaninsa da kwano, kuma amfaninsa ya fi bayyana ma a watannin bazara. Labule mai kauri a ƙofa da taga, da toshe kafofin bangon arewa da na gabas inda iskar hunturu take bugowa, suna rage zurarewar ɗumi. A watan Disamba rana takan karkata kudu da tsakar rana, saboda haka ɗakin da tagarsa take duban kudu a buɗe labulensa da hantsi, a rufe kafin magariba.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki

A nan dole in tsaya in ja kunne, domin shawarar toshe kafofi tana iya zama ajali idan aka haɗa ta da wuta. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon-monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda mutane suke ɗauka ya zama lafiyayye, yana ci gaba da fitar da ita. Idan ta shiga huhu sai ta kama sinadarin hemogulobin na jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa ɗaukar oksijin ne, kuma kamun da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Jini yana zagayawa kamar kullum amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sa'an nan barci mai nauyi. Wanda ya riga ya yi barci ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu.

Shekarun baya, a unguwar da na taɓa zama, an wayi gari wani maigadi bai buɗe ƙofa ba. Da aka ɓalle ɗan ɗakinsa sai aka tarar da shi a sume, kasko a gefensa, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda iska. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya farfaɗo a asibiti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda maƙwabta suka yi ta cewa iskokai ne suka buge shi. Iska ce kam, amma ba irin wadda suke nufi ba. Duk wanda aka samu a irin wannan hali, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti inda za a ba shi oksijin. Ba a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja. Ƙa'idar kuwa ba ta da togiya: ba a kwana da garwashi a ɗaki, haka nan ba a tayar da janareto a cikin ɗaki ko baranda ko kusa da taga. Idan ana son ɗumin shimfiɗa, a cika gora mai ƙarfi da ruwan ɗumi, a rufe ta sosai, a naɗe da zane a sa a ƙarƙashin bargo.

Lissafin bokitin wanka

Yanzu bari mu ɗauki alli. Kafin zafin lita ɗaya ta ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya ana bukatar kilojul 4.2. Bokiti mai lita 20 da za a ɗaga daga digiri 20 zuwa 40, wato ɗumin da ya isa wanka, yana bukatar 20 sau 4.2 sau 20, kilojul 1,680 ke nan. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da kimanin kilojul 16,000. Ashe da dukan zafin itacen zai shiga ruwan, da giram 100 da 'yan kai ya wadatar, abin da bai fi ɗan faskare guda ba. To amma murhun duwatsu uku a tsakar gida kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai yake isarwa ga tukunya. Saura yana bin iska, yana ɗumama duwatsu da ƙasa, ko ya tashi a matsayin hayaƙi, wanda shi ma makamashi ne da bai ƙone ba. Saboda haka bokiti ɗaya yakan ci kusan kilo guda. Gida mai mutum takwas, kowa da bokitinsa kullum, zai ƙona fiye da rabin tan na itace a wata uku na hunturu a kan ruwan wanka kaɗai.

Ɗalibai sukan tambaye ni ko ya fi sauƙi a tafasa ruwa kaɗan a sirka, maimakon a ɗumama bokiti duka. A takarda babu bambanci: lita 5 daga digiri 20 zuwa 100 ita ma kilojul 1,680 take ci, kuma idan an sirka da lita 15 ta ruwan sanyi a digiri 40 za a tsaya. A aikace kuwa wanda ya tafasa ya fi hasara, domin tukunya mai tsananin zafi ta fi saurin zubar da zafinta, ga kuma tururi. Tururi shi ne babban ɓarawo. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta tashi daga digiri 20 ta kai tafasa kilojul 336 take bukata, amma kafin wannan litar ta ƙone ta zama tururi sai ta ci kilojul 2,260, kusan ninki bakwai. Duk tukunyar da take tafasa a buɗe tana aika itacen gidan sama ne. Murfi, ko da faranti ne aka kifa, yana mayar da mafi yawan wannan zafi ciki.

Wani abin da ya kamata kowace mai girki ta sani shi ne, ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar da aka iza masa. A digiri 100 yake tsayawa, a wurare masu tudu irin Jos ma a kusan 96. Waken da yake tafasa a hankali da wanda yake ɓarke-ɓarke har murfi yana rawa lokaci guda za su nuna. Da an ga tafasa sai a janye itace a bar ɗaya ko biyu. Jiƙa wake tun dare yana rage lokacin dahuwarsa sosai. Tukunyar matsi, wadda take kulle tururi har zafin ciki ya kai kusan digiri 120, tana dafa wake ko ganda cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba.

Akwai kuma dabarar kwandon dahuwa. A tafasa shinkafa na minti biyar, ko wake na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a sauke tukunyar da murfinta a rufe, a sa ta cikin kwando ko kwali da aka cika da ƙaiƙayi ko tsummoki ko auduga, a rufe sama da matashi. Zafin da yake ciki zai ƙarasa dahuwar ba tare da wuta ba, shinkafa cikin abin da bai kai awa guda ba, wake cikin awa biyu zuwa uku. Gargaɗin masanin halittu a nan shi ne, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri idan abinci ya huce ƙasa da digiri 60, saboda haka abin da ya daɗe a kwando har ya zama ɗumi-ɗumi a sake tafasa shi kafin a ci.

Ruwan wanka kuwa rana tana iya ɗumama shi kyauta. Jarka baƙa da aka cika aka ajiye a rana tun hantsi takan yi ɗumi kafin la'asar ko da akwai hazo, kuma idan an naɗe ta da bargo za ta riƙe wani abu har dare. Irin wannan ruwa na wanka ne da wanke-wanke, ba na sha ba.

Ba zan wuce wannan babi ban taɓo wankan jego ba, domin a gidaje da yawa tulin itacen da ake tanada dominsa ya fi na girkin watanni. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura tun a shekarun 1970 da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya fi karkata ga wasu dalilai, irin su rashin abinci mai gina jiki. Abin da babu gardama a kansa shi ne, ruwa mai tsananin zafi yana ƙona fata yana kuma sa jiri, kuma ruwan ɗumi yana tsabtace jiki kamar yadda tafasasshe yake yi. Shawara ce da ta kamata a tattauna da iyaye mata cikin ladabi, tare da ma'aikatan lafiya.

Itace, gawayi da murhu

Itace hasken rana ne da bishiya ta tara. Ganye yana kama abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa ba, ya mayar da shi sukari, daga nan ya zama katako. Ƙirya ko marke da ta shekara 30 tana wannan tari za ta iya ƙarewa a murhun gida ɗaya cikin 'yan makonni. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙone wannan ruwan kafin ta yi wani aiki, saboda haka zafin da yake bayarwa kusan rabin na busasshe ne, ga hayaƙi. A faskara ƙanana, a jera a inda iska take ratsawa, a ɗaga daga ƙasa.

Gawayi ya fi itace tsabta a kicin, amma tsadarsa a daji take. Kilo ɗaya yana ɗauke da kimanin kilojul 29,000, sai dai ramin ƙona gawayi na gargajiya yakan ci kilo 5 zuwa 8 na itace kafin ya ba da wannan kilo ɗaya. Wato kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfin bishiyar ya tafi tun kafin buhu ya hau mota. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tsadar kalanzir da gas, gidaje da yawa a birane sun koma ga gawayi, kuma har bishiyoyi masu ba da abinci irin kaɗanya ba su tsira daga gatari ba.

Gyaran murhu ba sabon ilimi ba ne. A Jamhuriyar Nijar an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi tun a shekarun 1980, a Kenya kuma a wannan zamanin ne aka fito da kurfoti mai cikin yumɓu da ake kira Jiko. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ita ma ta daɗe tana aiki a kan ingantattun murahu da na'urorin dafa ruwa da hasken rana. Sirrinsu duka guda ne: a kare wuta daga iska, a bar mata ƙofar shaƙar iska daga ƙasa, a kuma tilasta harshen wuta ya bi ta jikin tukunya ta wata 'yar tazara kamar faɗin yatsa. Irin waɗannan murahu sukan isar da kashi 25 zuwa 40 cikin 100. Bokitin da ya ci kilo guda ɗazu zai koma cin kimanin giram 350. Ko katangar laka da aka kewaye duwatsu uku da ita, aka bar ƙofa ɗaya ta iza itace, tana rage wani abu, kuma ba a sayen ta.

Ribar ba ta tsaya ga aljihu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, daga ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Yaron da yake goye a bayan uwarsa a bakin murhu yana shaƙar abin da take shaƙa, da huhun da bai gama ƙosawa ba.

Ta fuskar daji kuma akwai abin koyi a Maraɗi, inda tun daga 1983 manoma suka fara barin tohon kututturan gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma rassan da ake sassabewa su ne itacen girkin gida.

A wurin aiki

Ofis da shago su ne inda aka fi sakaci, saboda wanda ya kunna ba shi ne mai biya ba. Duk na'urar da take mayar da lantarki zafi tana da ci. Hita mai wat 2,000 da ta yi awa biyar a kunne ta sha yunit 10, abin da zai riƙe ƙwan fitila na zamani mai wat 10 har awa 1,000. Butar lantarki da aka cika maƙil domin shayi kofi biyu, a bar ta ta huce, a sake tafasawa bayan awa guda, hasara ce da fulas guda zai magance. Dafa ruwa da wutar ƙaramin janareto ya fi kowanne muni, domin injin ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin fetur zuwa lantarki. Sa'an nan ga haɗarin da muka sani: a ɗauke wuta, a manta hita a jone, a kulle a tafi, wuta ta dawo da dare cikin busasshiyar iskar hunturu. Kowane ofis da shago ya kamata a ɗora wa mutum ɗaya alhakin zare komai daga soket kafin a rufe.

Masu sana'ar wuta kuwa, irin masu gidan burodi da masu turara shinkafa da masu suyar ƙuli-ƙuli da ƙosai, itace yana cikin manyan abubuwan da suke cinye ribarsu. Tanda da ta tsage ko ƙofarta ba ta rufuwa tana zubar da zafi dare da rana, kuma gasa burodi zubi bayan zubi tun tanda tana da zafi ya fi a bar ta ta huce a sake hurawa. Kicin ɗin makarantar kwana ya fi ko'ina dacewa da gyara, domin a nan ana dafa wa ɗaruruwan ɗalibai sau uku a rana a kan manyan duwatsu a fili. Murhun bulo da aka gina daidai girman tukunya, da bututun fitar da hayaƙi, yana iya rage itacen makaranta da kusan rabi, ya kuma ceci idanun masu girki.

Gwajin da za a iya yi a makaranta

Malaman kimiyya za su iya tabbatar da duk wannan da kayan da suke hannu: tukwane biyu iri ɗaya, ma'aunin zafi, sikeli da busasshen itace. A zuba lita 5 ta ruwa a kowace tukunya, a rubuta zafin farko. Rukuni ɗaya na ɗalibai su yi amfani da duwatsu uku, ɗaya rukunin su gina katangar laka kwana biyu kafin ranar domin ta bushe. A auna itacen kowane rukuni kafin a hura wuta, da ruwa ya tafasa a janye abin da ya rage, a kashe shi da yashi, a sake aunawa. Zafin da ya shiga ruwa shi ne lita 5 sau 4.2 sau digirin da ya ƙaru. Zafin da aka ƙona shi ne kilon itacen da ya tafi sau 16,000. A raba na farko da na biyu, a ninka da 100, an sami ingancin murhu. Kashegari a maimaita, tukunya ɗaya da murfi ɗaya a buɗe. A yi gwajin a fili, malami yana tsaye, da bokitin yashi a kusa, kuma kowane gwaji a yi shi sau uku a ɗauki matsakaici, domin iskar hunturu takan sauya sakamako daga safiya zuwa hantsi.